Tagwayen Faifai: Wane Kundin Waƙoƙi Ne Ya Cancanci Kambu?

A daren 19 ga Fabrairun 1977, manyan mawaƙan Amurka sun cika zauren Hollywood Palladium da ke Los Angeles domin bikin rabon kyaututtukan Grammy. Wanda kowa ke jira kuwa ba ya zauren. Stevie Wonder yana Legas. Bikin FESTAC ne ya kawo shi, wato taron al'adun baƙar fata na duniya da aka rufe mako guda kafin nan, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna.

Masu shirya bikin suka haɗa shi ta tauraron ɗan'adam don a gan shi kai tsaye daga Najeriya. Hoto ya riƙa yankewa, murya ta riƙa shaƙewa. Cikin ruɗewa mai gabatarwa, Andy Williams, ya tambaye shi ko yana ganinsu, ya manta da makaho yake magana. An daɗe ana tuna masa da wannan suɓul-da-bakan. Duk da haka Stevie ya tashi da kyauta huɗu a daren, har da babbarsu, ta kundin shekara, saboda *Songs in the Key of Life*, kundi mai manyan faifai biyu da ƙaramin faifai na gyara.

Kusan shekara hamsin ke nan, kuma gardamar da wannan kundi yake tsakiyarta ta sake zafi. Dalili shi ne kundaye sun koma kumbura. Drake ya saki waƙa 25 a tashi guda a 2018. Morgan Wallen ya saki 30 a 2021. Taylor Swift ta fitar da sabon kundi a Afrilun 2024, bayan awa biyu ta ƙara masa wasu waƙoƙin, suka zama 31. Masu sauraro na ƙorafin an cika musu kunne, masu sharhi kuma sun koma tona tsofaffin tagwayen faifai suna tambaya: a cikin duk waɗanda suka taɓa yin wannan ganganci, wa ya fita kunya fiye da kowa?

Yadda faifai ya zama biyu

Asalin abin ƙarancin wuri ne. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan garmaho mai juyawa a hankali, wanda kowane gefensa ke ɗaukar minti ashirin da 'yan kai. Gefe biyu, minti arba'in da ɗoriya. Wanda ya tashi a zamanin kaset ya san tsarin: gefen farko ya ƙare, ka tashi ka juya. Idan aka matsa waƙoƙi suka wuce kima a gefe guda, sai sauti ya raunana, allura ta riƙa tsalle.

Saboda haka mawaƙin da ke da abin faɗa fiye da minti arba'in, ko dai ya yanke, ko ya roƙi kamfani faifai na biyu. Tun 1950 Columbia ta fitar da wasan da Benny Goodman ya yi a zauren Carnegie a 1938 a kan faifai biyu, amma wannan ɗaukar taro ce. Mawaƙi ya shiga situdiyo ya tsara sababbin waƙoƙi masu cika gefe huɗu, wannan sai a tsakiyar shekarun 1960 ya kankama.

Kamfanoni ba su so ba. Kuɗin bugawa ya ninka, bango sai an yi mai buɗewa kamar littafi, farashi ya hau, matashin da ke tara kuɗin tara ya yi ta juya shi a kanti ya ajiye. Duk mawaƙin da aka ba faifai na biyu, to alama ce ya isa, kamfani ba ya iya ce masa a'a. Wasu abin faɗa ne ya yi musu yawa. Wasu kuma girman kai ne kawai ya hana su zubar da abin da ya kamata a zubar.

A nan ma'aunin yake, a ganina. Tambayar da ta dace a yi wa kowane tagwayen faifai ita ce: in an sa almakashi an mayar da shi faifai ɗaya, gyara aka yi ko ɓarna?

Dylan ya buɗe ƙofa, Beatles suka faɗaɗa ta

Bob Dylan ne ya fara nuna abin zai yiwu, da *Blonde on Blonde* a 1966. Ya bar New York ya tafi Nashville, cibiyar kiɗan karkarar Amurka, ya zauna da ƙwararrun makaɗan haya. Sukan kwana suna jira yana rubutu, sai can cikin dare ya kira su. Gefe na huɗu waƙa ɗaya tal ya ba shi, mai minti goma sha ɗaya. Masu kare wannan kundi hujjarsu kalmomi ce, kuma kyautar Nobel ta adabi da aka ba shi a 2016 ta ƙara musu ƙarfin gwiwa. Amma wanda Turancinsa bai kai na gane habaici da zaurancen Dylan ba, rabin daɗin ya wuce shi. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne ga kundin da ake so a ce shi ne na duniya.

A Nuwamban 1968 Beatles suka fito da nasu, mai farin bango fes, wanda ake kira *White Album*. Waƙa 30, minti casa'in da 'yan kai. Yawancinsu a Rishikesh ta Indiya aka rubuta su, inda suka je zaman natsuwa wurin Maharishi Mahesh Yogi. Da suka dawo Landan zama ya ƙi daɗi. Injiniyansu Geoff Emerick ya ajiye aiki ana tsakiyar ɗauka. Mai ganga Ringo Starr ya yi fushi ya tafi kusan mako biyu. Paul McCartney ya yi "Blackbird" shi kaɗai, John Lennon ya yi "Julia" shi kaɗai don tunawa da mahaifiyarsa, George Harrison ya gayyato Eric Clapton daga waje ya kaɗa masa jita. Kundin ya fito kamar gidan gandun da aka riga aka raba tukunya: zaure ɗaya, suna ɗaya, amma kowane ɗan'uwa da abin da yake dafawa.

Akwai hannun ɗan Najeriya a ciki. Sunan waƙar "Ob-La-Di, Ob-La-Da" McCartney ya tsince shi ne a bakin Jimmy Scott, wani makaɗin ganga ɗan Najeriya da ke zaune a Landan.

Furodusansu George Martin ya sha faɗa cewa da sun ji shawararsa, da an tace an fitar da faifai ɗaya mai ƙarfi. McCartney bai yarda ba, yana ganin kundin ya yi daidai yadda yake. Magoya bayansa na cewa ruɗanin shi ne kyansa. Ni dai ina tare da Martin. Akwai waƙoƙi a ciki da babu kamarsu, akwai kuma "Revolution 9", minti takwas na gutsattsarin sauti da mutane da yawa suka saba tsallakewa. Kundin da kowane mai sauraro ke da jerin abin da zai cire daga ciki ya riga ya amsa tambayar almakashi da kansa.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Faransa, katanga a Landan

A 1971 Rolling Stones suka gudu daga Ingila saboda haraji, suka sauka a kudancin Faransa. Keith Richards ya kama hayar wani katafaren gida mai suna Nellcôte a bakin teku kusa da Nice. Suka ajiye motar ɗaukar sauti a waje, suka ja wayoyi zuwa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Zafi da laima kan sa tsirkiyar jita ta saki ana cikin kiɗa. Baƙi na shiga suna fita, ƙwaya ta yi katutu, wani makaɗin ya zo yau gobe a neme shi a rasa. A Los Angeles aka ƙarasa aikin, ya fito a 1972 da sunan *Exile on Main St.*, waƙa 18.

Da farko masu sharhi sun yi masa tarbar sanyi. Sautin a dagule yake, muryar Mick Jagger ta nutse cikin kiɗa, shi kansa Jagger ya sha cewa haɗin sautin bai gamsar da shi ba. Daga baya aka juya, aka ce wannan dagulewar ita ce ransa. Hujjar masoyansa tana da ƙarfi: ba kundin fitattun waƙoƙi ba ne, yanayi ne guda da ake shiga tun daga farko a fita a ƙarshe, in ka cire wani abu ka huda shi. Ya ci jarrabawar almakashi. Abin da ya rage shi ne faɗi, domin kusan duk kundin a hanya ɗaya yake tafiya, ta kiɗan baƙaƙen kudancin Amurka da na coci da na karkara, waɗanda 'yan Ingilan nan suka koya da ƙauna.

Ƙarshen 1979 ya zo da biyu a jere. Pink Floyd suka fitar da *The Wall*, labari guda daga farko har ƙarshe, na mawaƙin da ya gina katanga tsakaninsa da mutane. Roger Waters ya zuba rayuwarsa a ciki: mahaifinsa da ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu a Italiya a 1944, malaman makaranta masu muzantawa, da ranar da ya tofa wa wani ɗan kallo yawu a Montreal a 1977 ya tsorata da abin da ya zama. Waƙar da yaran wata makaranta a Landan suka yi wa amshi ta kai har Afirka ta Kudu, ɗalibai masu ƙauracewa makarantun wariyar launin fata suka ɗauke ta, gwamnati ta haramta ta a 1980. Labarin ya ba kundin dalilin tsawonsa, sai dai nauyinsa ya yi yawa, baƙin ciki ne na mutum ɗaya har minti tamanin.

The Clash kuwa dabara suka yi. Kamfanin CBS ya yarda su haɗa da ƙaramin faifan kyauta, su kuma suka cika shi da waƙoƙi har ya zama cikakken faifai na biyu, aka sayar da *London Calling* a farashin faifai ɗaya don matasa marasa aikin yi su iya saye. Waƙar ƙarshe, "Train in Vain", a ƙurarren lokaci aka saka ta, har ba a samu rubuta sunanta a bango ba. Waƙa 19, rege da tsohon kiɗan rok da zafin unguwannin Landan, babu inda ya yi sanyi. A cikin na Turawan Ingila, shi na fi girmamawa.

Wa ke zaɓen, kuma da wane sikeli?

Masu son a rufe gardama da alƙaluma sukan kawo ciniki. A nan akwai tarko. Hukumar da ke tantance cinikin faifai a Amurka tana ƙirga kowane faifai daban, wanda ya sayi tagwaye sau ɗaya an rubuta ya sayi biyu. Shi ya sa miliyan 23 da ake jingina wa *The Wall* a can, a zahiri kwafi miliyan goma sha ɗaya da rabi ne. Haka lissafin *White Album* yake.

Jerin masu sharhi ma ba wahayi ba ne. A 2003 mujallar Rolling Stone ta fitar da kundaye 500 mafiya daraja. A goman farko akwai tagwaye huɗu a jere: *Exile* na bakwai, *London Calling* na takwas, *Blonde on Blonde* na tara, *White Album* na goma. Duka na Turawa ne maza masu jita. Kundin Stevie yana can wajen na hamsin da wani abu.

A 2020 mujallar ta sake zaɓen, ta faɗaɗa masu jefa ƙuri'a zuwa sama da 300, da mata da baƙaƙe da matasa fiye da da. Sai *Songs in the Key of Life* ya hau na huɗu, duk waɗancan huɗun suka sauko daga goman farko. Ko waƙa ɗaya ba ta canja ba a tsakanin zaɓen biyu. Masu zaɓen ne suka canja.

Wannan ya sa dole a tuna da waɗanda aka daɗe ana tsallakewa. Marvin Gaye ya yi *Here, My Dear* a 1978 a kan mutuwar aurensa. 2Pac ya saki *All Eyez on Me* a Fabrairun 1996, aka kashe shi a Satumbar shekarar. *Life After Death* na Notorious B.I.G. ya fito a Maris na 1997, mako biyu da 'yan kwanaki bayan an harbe shi. OutKast suka ci kundin shekara na Grammy a 2004 da faifai biyu, kowane ɗayansu da nasa. Sai dai waɗannan na baya a zamanin faifan CD aka yi su, mai ɗaukar kusan minti tamanin shi kaɗai, don haka tagwayensu kan wuce awa biyu. Da wuya a samu wanda bai yi kitse ba.

Shekara biyu ana jira

A 1975 Stevie Wonder yana da shekara 25, ya riga ya ci kundin shekara sau biyu a jere, ya kuma tsallake rijiya da baya a haɗarin motar 1973. Ya fito ya ce zai bar waƙa ya koma Ghana ya yi aiki da yara naƙasassu. Daga baya ya fasa, ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya da kamfanin Motown wadda aka ce ba a taɓa ba wani mawaƙi irinta ba, tare da cikakken iko a kan aikinsa. Zancen Ghana bai mutu ba: a ranar da ya cika shekara 74, a Mayun 2024, Shugaba Akufo-Addo ya miƙa masa takardar zama ɗan ƙasa a Accra.

Ya shige situdiyo a Hollywood, ranar fitowa ta zo ta wuce. Yakan yi kwana da yini bai runtsa ba. Mutum sama da ɗari suka sa hannu, har da Herbie Hancock da George Benson, amma a waƙoƙi da yawa shi ne mai ganga, shi ne mai fiyano, shi ne mai amshi. A ƙarshen Satumban 1976 kundin ya fito: waƙa 21, kusan minti 105, da ɗan littafi mai shafi 24. Makon farko ya hau saman jadawalin Billboard, abin da wani Ba'amurke bai taɓa yi ba kafinsa, ya yi mako goma sha uku a jere bai sauko ba.

Abin da ke ciki ne ya sa nake ba shi kambun. A "Village Ghetto Land" ya ɗauko irin kiɗan fadar sarakunan Turai, mai sanyi da ƙasaita, wanda ya haɗa da na'ura, ya ɗora masa bayanin unguwar talakawa inda yunwa da cuta da sata suka yi gida. Kyan kiɗan ne ke sa maganar ta soki mutum. A "Pastime Paradise" ya haɗa mawaƙan coci da mabiya Hare Krishna a amshi guda, kuma wannan kiɗan ne Coolio ya gina "Gangsta's Paradise" a kansa a 1995. "Sir Duke" godiya ce ga Duke Ellington da ya rasu a 1974, da sauran magabatan da ya koya a wurinsu, ƙahonni na tashi kamar ranar salla. "I Wish" ƙuruciyarsa ce da ƙiriniyarta.

Sai "Isn't She Lovely", ta 'yarsa Aisha. Da kukan jariri take farawa, can gaba a ji uba da 'yarsa a wurin wanka, ruwa na fantsama, shi kuma yana busa hamonika ba ya son tsayawa. Motown ta so a gajarta ta a sayar da ita daban, ya ƙi. A "If It's Magic" kusan babu komai sai muryarsa da tsirkiyoyin Dorothy Ashby. A wata waƙar ya rera da Zulu da Sifaniyanci da Turanci. A "Black Man", a shekarar da Amurka ke bikin cika shekara 200, ya jero mutanen kowane launi da suka gina ƙasar, malamai na tambaya yara na amsawa da ƙarfi.

Haihuwa, ƙuruciya, soyayya, kishi, talauci, tarihi, imani, mutuwa. Wannan ba ya shiga minti arba'in. In ka cire waƙoƙin talauci ya zama kundin biki, in ka cire na farin ciki ya zama wa'azi. Kowane gefe na riƙe da ɗan'uwansa. Kuma ba sai ka ji Turanci ba kafin ya kama ka, abin da ba za a ce game da Dylan ba. Elton John, wanda shi ma yana da nasa tagwayen na 1973, ya ce duk inda za shi a duniya da wannan kundin yake tafiya.

Abin da masu suka ke cewa

Suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Waƙoƙi da dama sun yi tsawo, amshi na maimaituwa har minti bakwai ko takwas. Wasu na ganin zaƙin ya yi yawa, kuma *Innervisions* na 1973, mai faifai ɗaya, ya fi shi tsauri da kaifi. Na yarda ƙarshen "Black Man" ya ja, na yarda akwai inda kalmomin suka fi kiɗan rauni. Amma tsawon amshi a kiɗan da ya fito daga cocin baƙaƙen Amurka ba cikon wuri ba ne, a nan ake sa jama'a su shiga, kuma kunnen da ya saba da doguwar waƙar amshi ba zai ji baƙon abu ba.

Babban abokin hamayyarsa, a wurina, *Sign o' the Times* na Prince ne, na 1987. Faifai uku Prince ya kai wa kamfanin Warner Bros., suka ƙi, ya yanke ya koma waƙa 16. Kusan duk kayan kiɗan shi ya kaɗa. Ya taɓo cutar ƙanjamau da ƙwaya da 'yan daba, ya taɓo soyayya da addini, kuma babu kitse a jikinsa. Wanda ya zaɓe shi bai yi kuskure ba. Bambancin shi ne Prince na nuna maka abin da zai iya, ka tsaya kana mamaki, Stevie kuwa da kai yake magana, da tsohuwa da yaro duka.

Zamanin da babu gefe

Yau babu allura, babu juyawa, babu iyakar minti. A ƙarshen 2014 Billboard ta fara ƙirga sauraro ta intanet, inda a lokacin sauraro dubu da wani abu ya zama daidai da sayen kundi ɗaya. Lissafin a fili yake: yawan waƙoƙi, yawan sauraro, hawa jadawali. Faifai na biyu da a da sai an yi faɗa da kamfani kafin a samu, yanzu kamfanin ne ke son a ƙara. Mai sauraro a Spotify ko Audiomack ya tsinci uku ya zuba a jerinsa, sauran ko oho.

Akwai masu ƙoƙarin riƙe tsohon tsarin. Kendrick Lamar ya raba *Mr. Morale & the Big Steppers* na 2022 gida biyu, waƙa tara-tara, da niyyar a bi shi a jere. Irinsa ba su da yawa.

Shi kuwa Stevie ya gwada kundinsa a gaban mutanen wannan zamanin. Daga Nuwamban 2014 ya zagaya biranen Amurka, ya fara da Madison Square Garden, yana rera shi gaba ɗaya, har da waƙoƙi huɗun ƙaramin faifan, wasan kan wuce awa uku. Buƙata ta sa aka yi ta ƙara ranaku har cikin 2015, sannan a Yulin 2016 ya kai shi dandalin Hyde Park na Landan, inda dubban mutane suka tsaya a fili tun daga waƙar farko har ta ƙarshe.